Jan Fenti a Ƙofar Shagona

Ranar da na fara aiki a wurin Ya Fanna, mai abinci a bakin kasuwar Haɗeja, ba ta ba ni tukunya ba. Daro ta turo mini da ƙafa, cike da tarwaɗa masu rai suna ta wutsil-wutsil, ta ce in ɗebo toka a murhu. Na ɗauka kwanuka zan wanke, ashe kifin ne. Tarwaɗa tana da yauƙi, in ba a raba ta da shi ba, ko kin zuba mata kayan ƙamshin duniya sai ƙarni ya taso. Toka mai ɗan ɗumi ake barbaɗa mata, a murje tun daga kai har wutsiya, a ɗauraye, a sake. Ga ƙaya biyu a gefen wuyanta, in ta soke ki yini hannun zai yi yana zugi. Ran nan sau uku tana suka ta. Da na nuna wa Ya Fanna, sai ta leƙa ta ce ai hannu biyu Allah ya ba ni, in ci gaba da ɗayan.

Ku nake ba wannan labari, 'yan matan da kuke zuwa ku tsaya mini a ka da waya a hannu, wai in koya muku farfesu cikin sati biyu za ku buɗe wurin cin abinci. Kun ga ana zuba wa mutum romo ya sha ya lashe yatsa, kun ɗauka iyakar sana'ar ke nan. Ni sai da na yi shekara biyu a wurin Ya Fanna kafin na taɓa ludayin farfesu. Wuta ta fara koya mini, don a wurinta wadda ba ta san wuta ba, ba ta san girki ba, ko da ta haddace kayan miya kaf.

Wutar tuwon shinkafa daban take. Da ƙarfi ake fara ta, sai shinkafa ta yi luguf a janye itace, a bar garwashi kafin a sa muciya, in ba haka ba ƙasa ya kama, ƙaurin ya bi tuwon har sama. Farfesu kuwa garwashi zalla yake so. Citta, kanumfari, masoro, kimba da daddawa su fara dahuwa a ruwan, sannan kifi ya shiga, kuma da zarar kifi ya shiga ludayi ya fita. Kunnuwan tukunya ake kamawa da tsumma a girgiza. Na taɓa mantawa na juya da ludayi, kifin ya dagargaje ya koma fate. Ya Fanna ba ta yi mini faɗa ba, zubo mini ta yi a kwano ta ce abincina ke nan na kwana biyu.

Sai banda, wadda ta fi su duka wuya. A lanƙwasa tarwaɗa kai ya haɗu da wutsiya, a soke da tsinke, a jera a raga a kan murhun laka. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. In wuta ta taso sai a watsa mata buntun shinkafa ta kwanta. Kuma ba kowane itace ake sa mata ba. Kirya da marke su ne na gaba, ƙodagon goruba ma yana yi, amma in kika kuskura kika sa darbejiya, kifin zai yi ɗacin da ko akuya ba ta kalle shi ba. Kifin da ya bandu da kyau sai ya yi makonni a kwando, shi nake sa wa miyar kuka da ta yakuwa lokacin da ruwa ya cika masunta ba sa samun na kirki.

Aure ne ya kai ni garin da nake yanzu, wani gari mai kasuwar mako a bakin fadama, ba nisa da Haɗeja. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu. Da rumfar kara na fara, har Allah ya hore mini shago mai ƙofar ƙarfe a kan layin da ya miƙe daga tasha zuwa kasuwa. Iya Dije ake ce mini. Ranar kasuwa tun hantsi benci yake cika: direbobi daga Jahun, 'yan shinkafa daga Kafin Hausa, masu shanu daga wajen Kaugama. Kowa na san bakinsa, wane ba ya son yaji, wane sai an ƙara masa man shanu. Duk Juma'a daga gidan limamin unguwa ake aiko da kwano mai murfi a zuba farfesu. Kansilan mazabarmu, Haladu, wanda na san uwarsa tun tana goyonsa, shi kan kifi yake so, kuma shi nake ajiye wa. Kifina duka daga wurin Baba Ali masunci nake karɓa, shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa kawo mini wanda ya kwana ba.

Mugunyar shekarata da ruwa ta fara. Kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta mamaye mana fadama, ta toshe hanyoyin ruwa, da kogi ya ciko sai ya rasa ta inda zai bi, ya faɗa gonaki da gidaje. Shinkafar bana ta tafi, bangaye suka zube. Da ruwa ya janye sai baƙi suka riƙa zuwa daga birni da motoci masu rubutu a jiki, ana ta taro ana maganar sauyin yanayi da sare itatuwa. Daga nan majalisar ƙaramar hukumarmu ta zauna, ta yanke abu biyu a zama ɗaya. Na farko, daga yanzu mai sayar da abinci ba zai ƙona itace ba, sai gas ko gawayin da ake yi da kacalla. Na biyu kan giya ne. Akwai gidaje biyu a bayan tasha, abinci a gaba, kwalabe a ciki, suna taƙama da wata tsohuwar takarda. Aka ce ba za a sabunta musu ba, kuma duk mai abinci a garin sai ya karɓi sabon lasisi, ya rantse ba ya ajiye giya. Kwamiti guda aka naɗa ya bi duka biyun.

Ni ban ƙi maganar itace ba, kada wani ya ce na ƙi. Da idona na ga dajin da muke ratsawa muna yara ya koma fili, ka tsaya ka hango mutum daga nesa. Abin da ya ci mini rai shi ne, manyan motoci suna wucewa ta gaban shingen hukuma da gumagumai har sama, ana ɗaga musu hannu, amma murhun tsohuwa ne aka ga yana kawo ambaliya. Duk da haka na ɗaura mayafina na je sakatariya. Wani akawu da na haifi wanda ya girme shi ya ɗago kai ya tambaye ni ko ina sayar da giya. Na dube shi sama da ƙasa, na ce masa ya tambayi ubansa in yana da rai, ya san shagona. Na rantse, aka ba ni takardar na dawo.

Tukunyar gas na saya, ba babba ba. Tana dafa miya da dafa-duka, ban musa ba, kuma ido yana hutawa da hayaƙi. Amma ku ɗora mata tukunyar tuwon mutum hamsin ku gani: tsakiya ta ƙone, gefe da tsatsa. Gas ba ya ba da toka, sai na koma roƙon toka a maƙwabta don in wanke kifi, ni da na yi shekaru ina zubar da ita. Banda kuwa babu maganarta, ba a taɓa banda da shuɗiyar wuta ba. Gawayin kacalla na gwada, yana ci da sauri ya mutu da sauri, wani buhun ma kafin a sauke shi ya zama gari. Sai na bar murhun bandata a bayan shago, ina lallaɓa shi da ƙodago da buntu, tunda su ba itace ba ne.

Ana haka sai Baba Ali ya zo mini da rassan wani marke a kwalekwale. Ruwa ne ya tumɓuke bishiyar ya yar da ita a bakin kogi, gatari bai taɓa ta tana tsaye ba. Na yi murna, na jera su a gefen ƙofa su sha rana. Da na ɗauka laifi ne da a ciki zan ɓoye. A fili na ajiye su, don a tunanina dokar masu sare bishiya take nema.

Ranar kasuwa ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, benci a cike. Motar kwamiti ta fito daga bayan tasha, inda suka gama rufe gidajen nan biyu, mutane na biye da ita suna kallo. Ta biyo layinmu ta tsaya cak a gaban shagona. Shugaban kwamitin ya sauko, wani dogo mai farar shadda, ya nuna itacen da ƙafa. Na yi masa bayani, na ce ga Baba Ali can a bakin ruwa a kira shi ya shaida. Ya ce takardarsa itace ta ce, ba ta ce wa ya kayar da shi ba. Ya sa aka tashi mutane suna tsakiyar cin abinci, aka ja ƙofa aka karɓe mukullina da lasisina, wani ya ɗauko gwangwani da burushi daga mota ya zana mini jan fenti, layi biyu a gicciye, daga sama har ƙasa.

To a garinmu kowa ya san ma'anar jan fenti a ƙofa. Tun shekarun baya, duk gidan da aka kama da giya shi ake shafa masa, yara ma sun san a kauce wa irin ƙofar. Kuma ga burushin bai ko bushe ba daga ƙofofin bayan tasha. Wa zai tsaya ya tambaya ko laifin itace ne? Kafin azahar magana ta gama kasuwa: ashe Iya Dije ma tana ciki. Wata da nake ba ragowar tuwo kyauta ce aka ce ta fara cewa dama biri ya yi kama da mutum, irin yajin da take zuba wa farfesun nan ai mashaya ne ke son sa. Ran Juma'a na dafa a gida na zauna jiran kwanon gidan liman, har aka sauko daga masallaci bai zo ba. Na je suna a unguwa, matar da na zauna kusa da ita ta ce bari ta leƙa waje, ba ta dawo ba. Matar Baba Ali ta hana shi tsayawa a ƙofata. Tun da nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na makon nan ba, ko ranar da ruwa ya ci bangon ɗakina ban ji haka ba.

Na sami Kansila Haladu a zaurensa. Ya tashi ya ba ni tabarma, yana ta sosa ƙeya. Shi ya faɗa mini yadda aka yi. A zaman majalisa an ce laifin itace kore za a shafa, na giya ja. Amma wanda aka aika sayen fenti gwangwani ɗaya ya sayo, ya ce ai fenti fenti ne, kuma duk cikin kwamitin babu wanda ya ga abin damuwa. Har da ɗan murmushinsa yana faɗa, kamar abin dariya ne. Da ya ga fuskata sai ya gyara zama.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Gobe da an yi asuba zan turo a shafe shi da fari, kafin mutane su fito. Lasisinki ma zan sa a maido miki, ki buɗe abinki."

Na ce, "Haladu, da rana tsaka aka shafa mini, ranar kasuwa, a gaban Jahun da Kafin Hausa da Kaugama. Ba za a goge mini da asuba ba. Wanda ya shafa shi zai goge, a ranar, a lokacin, kuma sankira ya zaga kasuwa ya faɗi abin da aka gani a ƙofata."

Ya ce zai gwada, amma in sani abin da kamar wuya.

Washegari da sassafe na riga kowa zuwa shago, don na san halinsu. Ai kuwa sai ga mutum da bokitin farar ƙasa. Na ce in ya taɓa ƙofar nan sai dai ya shafa a jikina. Ya juya. Daga ranar na koma gadin fentin da aka ci mini mutunci da shi. Kasuwa uku a jere shagona a rufe. Sai in shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin jan, in ajiye reshen marken nan a gabana, duk wanda ya tsaya in ce masa ga giyar da aka kama ni da ita. Wasu su yi dariya, wasu su yi salati, da yawa kuma su ratse ta ɗaya gefen titi kada a gan su tare da ni. Ina gani direbobina suna shiga shagon wata, ina jiyo ƙarnin kifinta daga inda nake zaune. 'Ya'yana suka yi ta roƙona in bari a goge in huta. Na ce in aka goge a ɓoye, cewa za a yi na shafa wa wani hannu da mai, shi ke nan kashin kajin ya zauna mini har kabari.

Shugaban kwamiti ya aiko cewa hukuma ba ta ba da haƙuri a kasuwa. Sai na tafi wurin liman da ƙafata. Na durƙusa na ce, Allah gafarta malam, shekara nawa kana cin abincin hannuna? Ya ce shi bai taɓa yarda da maganar ba, mutanen gida ne suka ji nauyin a ga kwanonsu a ƙofar. Na ce to rashin yardar da ta tsaya a cikin zaure ba ta amfane ni da komai ba. Ya ji kunya, kuma in faɗi gaskiya ya yi abin da ya dace: shi da mai unguwa suka je wurin ciyaman na ƙaramar hukuma. Majalisa ta sake zama. Aka ce daga yau fenti kala biyu, kuma itacen da ruwa ya kayar, in mai unguwa ya shaida, babu laifi a kansa. Aka ce za a goge mini ranar kasuwa.

Ranar tun hantsi nake zaune. Sha ɗaya ta yi babu su, azahar ta yi babu su. Motocin Jahun suka yi lodi suka tashi, 'yan shinkafa suka ɗaure buhunansu, masu shanu suka kora abin da ya rage. Sai bayan la'asar, kasuwa ta watse sai 'yan gari da masu shara, sannan motar ta lallaɓo. Mai farar shadda bai ko sauko ba, daga cikin mota ya nuna ƙofar aka shafe. Sankira ya ɗan taka daga shagona zuwa rumfar mahauta yana cewa hukuma ta yafe wa Iya Dije, ta buɗe shagonta. Na tare shi na ce me aka yafe mini, laifin me na yi? Ya ce shi abin da aka ba shi ya faɗa. Na so in ƙi, amma mako uku babu wuta a murhu, kuma Baba Ali yana tsaye da daron kifi yana kallona. Na karɓi mukullina.

'Yan gari sun dawo, ba zan yi ƙarya ba. Kwanon gidan liman ya dawo, Haladu ya dawo yana neman kan kifi, na ce masa ya ƙare, ga shi kuwa a tukunya yana kallonsa. Yanzu miya da shinkafa a gas nake yi, banda kuma da ƙodago da abin da kogi ya bayar, mai unguwa yana shaidawa. Manyan motocin gumagumai har gobe suna wucewa. Shi ya sa in kuka ce mini sati biyu nake jin kamar in kore ku da muciya. Wanke kifi za ku iya koya, wuta ma in kun yi haƙuri za ku koya. Amma mai abinci mace ce a bakin titi, maza na shiga suna fita, ba ta da abin da take riƙe da shi sai abin da mutane ke faɗa a kanta, kuma wanda bai taɓa hura wuta ba yana iya zama a ofis ya ɓata mata shi cikin hantsi ɗaya.

Shekara huɗu ke nan da yin abin. Kasuwar da ta wuce wani baƙon direba ya shigo, mai motar shanu, ban taɓa ganinsa ba. Ya ci tuwo, ya ƙara da farfesu, ya wanke hannu. Sai ya duba hagu da dama, ya matso kusa da ni ya sassauta murya.

"Hajiya, babu mai sanyin nan a ciki? An ce in an zo nan a hankali ake tambaya."

Na ce wa ya faɗa masa. Ya ce a wata tasha ce can gaba da Jahun, kowa ya sani. Waɗanda suka ga an shafa ne suka kai labarin, su kuwa lokacin da aka goge sun daɗe da kama hanya.

Na ce ya biyo ni. Ya taso da saurinsa har yana gyara hula. Na kai shi bayan shago, gaban murhun banda, hayaƙi ya cika masa ido ya fara tari. Na nuna masa kifin a raga, na nuna masa guntayen itacen da ke gefe, na ba shi labarin tun daga gwangwanin fenti har sankira. Na ce in ya koma tashar nan ya faɗa wa wanda ya aiko shi. Ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu zai faɗa, ya fita ko waiwaye babu.

Na san ba zai faɗa ba. Wa zai zauna a tasha ya ba da labarin tsohuwar da aka kama da itace? Na watsa wa wutar buntu, na shiga juya kifina ɗaya bayan ɗaya.